Jakar Wayoyi Daga Termiz

Karo na biyu ke nan da matan gidan su Davron suka taso tun daga Termiz neman auren Muhayyo, da burodi ɗaure cikin farin ƙyalle, karo na biyu kuma suka koma da abinsu ba a gutsura ba, alamar ba a amince ba.

"Za mu yi shawara da dangi," abin da mahaifiyar Muhayyo ta ce musu ke nan, tana tsiyaya shayi ba ta ko ɗaga ido ba.

Washegari Muhayyo ta sami Oyijon, wato mahaifiyar tata Mastura, a kicin tana yanka karas siri-siri. Ta durƙusa a gefenta, idanunta sun kumbura.

"Oyijon, don Allah ki dube ni. Me ya yi? Mashayi ne? Maƙaryaci ne? Ki faɗa min aibinsa guda ɗaya tak, na yi miki alkawari ba zan ƙara kiran sunansa a gidan nan ba."

"Aibinsa Termiz."

"Termiz ai gari ne, Oyijon, ba hali ba."

"Garin da sai an kwana a jirgin ƙasa kafin a isa." Ta ajiye wuƙar. "Yayanki yana Koriya, sai dai in gan shi a waya kamar ɗan wasan talabijin. Ke kaɗai kika rage min. In kika haihu fa? In na kwanta ciwo fa? Wa zai miƙo min ruwa?"

Hawayen da Muhayyo take dannewa suka zubo. Ta kwantar da kanta a cinyar mahaifiyarta.

"Zan riƙa zuwa, wallahi zan riƙa zuwa."

"Haka kowace yarinya take cewa."

Suna cikin wannan koke-koken Robiya hola, wato Inna Robiya, ta faɗo gidan, yayar Oyijon ce, macen da ake jin muryarta tun daga bakin layi.

"Af! Wa ya mutu? Ke Mastura, ke ma kin biye mata? Tashi, 'yar nan, share fuskarki. Ga Sarvar nan a bayan layinku, kamfaninsa na kansa, motarsa baƙa wul, uwarsa ƙawata ce tun muna 'yan makaranta. In kika yi atishawa a gidansa sai uwarki ta ji daga nan. Kin ma ga abin arzikin da ya yi miki kuwa?"

Muhayyo ta gani, shi ne ma rabin ciwon kanta.

Da rana tana aiki a wani kamfanin haɗa manhaja a tsakiyar Tashkent, amma inda ranta yake shi ne shafinta na intanet. A can take koya wa 'yan mata rubuta kod, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, cikin harshen da suke ji a gida. Yawancin ɗalibanta 'yan ƙauye ne da ba su da kwamfuta, da wayar hannu suke karatu. A ƙarƙashin wani darasinta suka haɗu da Davron, wanda yake koyar da irin wannan sana'a a wata ƙaramar cibiya a Termiz. Gyara ya yi mata, ta mayar masa da martani mai zafi, daga baya ta gano shi ne da gaskiya. Tun daga nan ba su daina musu ba.

Shafin ya tsufa, tana neman manhajar da za ta koma. Robiya hola ta kai wa Sarvar labari, shi kuwa bai tambayi kowa ba ya sa yaransa suka gina mata sabon shafi a kan manhajar kamfaninsa. Furanni suna zubowa daga sama, hotonta ya cika fuska, har da ɗan kiɗa a hankali.

"Ki gwada mana ko don kunyar mutane," in ji Oyijon.

Muhayyo ta sa darasi ɗaya a kai. Kafin la'asar saƙonnin ɗalibanta, masu kiranta opa wato yaya, sun cika mata waya.

"Muhayyo opa, na kwafa kamar yadda kika rubuta amma ya ƙi aiki."

"Opa, datata ta ƙare ban ga komai ba sai fure."

"Opa, anya ni ina da ƙwaƙwalwar wannan abin? Ina ga zan haƙura."

Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mata a rai. Ta hau sama ta rufe ɗaki ta kira Davron, wanda take ce wa aka, wato yaya.

"Davron aka, Amarya ta kashe ni."

Dariya ya kwashe da ita. Amarya shi ne sunan da suka sa wa manhajar Sarvar saboda yawan kwalliya, sauran manhajoji biyun da suke gardama a kansu kuwa Soja da Malama.

"Me ta yi kuma?"

"Ta cinye tazarar farkon layi gaba ɗaya! Ka san kod ɗin Python ba ya yafe wannan, layi ya matsa kaɗan shi ke nan komai ya rushe. Alamar zance kuma ta lanƙwasa min su wai don su yi kyau. Yarinya tana can tana zaton ita ce daƙiƙiya, alhali shafin ne."

"Na faɗa miki ki ɗauki Soja."

Ta turo baki kamar yana ganinta.

"Allah ya kiyaye. Baƙin rubutu a kan farin allo kamar takardar sammaci?"

"Amma yana buɗewa ko da sabis sanda ɗaya ne. Ba ya taɓa miki ko ɗigo."

"Malama ma ba ta taɓa ɗigo. Kuma tana ba kowace irin kalma launinta, tana sa lamba a gefen layi, ga maɓallin kwafa. Mai koyo yana bukatar a riƙe masa hannu."

"Malamar taki tana da nauyi."

"Kai ma kana da nauyin kai, na kuma haƙura da kai."

Suka yi dariya tare. Ta ji ya sauke ajiyar zuciya.

"Mahaifiyata ta ce ba za ta iya komawa karo na uku ba sai ta ga alama. Kunya ta ishe ta, Muhayyo."

"Na sani." Ta gyara riƙon wayar. "Kada ka gaji da ni, Davron aka."

"In gaji da ke in yi musu da wa? Ki shirya min darasi ɗaya a kan duka ukun. Ranar Lahadi za mu raba gardama."

"Ta yaya?"

"Ke dai ki shirya."

Ranar Lahadi da hantsi tana tsinke inabi a tsakar gida aka buga ƙofa. Mahaifinta, Hikmat aka, wanda ya yi ritaya daga aikin wutar jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ya tashi daga kan gadon katakon da ke ƙarƙashin rumfar inabi ya je ya buɗe.

"Assalamu alaikum, amaki," wani ya gaishe shi, yana kiransa baffa da harshensu.

Kwanon da ke hannunta ya kusa suɓucewa. Ta san muryar. Ta laɓe bayan ganye tana leƙe.

Davron ne tsaye, hannunsa na dama a ƙirji, rigarsa ta yamutse da zaman jirgi. Kwalin rumman a ƙasa, baƙar jaka a kafaɗa.

"Wa alaikumus salam. Daga ina?"

"Daga Termiz, amaki. Ni ne Davron. Ban zo yin rashin kunya ba, saƙo na kawo wa Muhayyo na aikin shafinta. In ka ce in ajiye a nan in juya, zan juya."

Fuskar Hikmat aka ta ɗaure. Ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Ba a mayar da baƙo daga ƙofata bai sha shayi ba. Shigo. Ka sha ka tafi."

Muhayyo ta kawo butar shayi. Oyijon kuwa tana tsaye a tagar kicin ta naɗe hannu, ko gaisuwarsa da ƙyar ta amsa.

Davron ya karɓi kofin da hannu biyu. Bai kai baki ba sai jakarsa ta hau ruri. Wata ƙara ta biyo, sannan wata da kukan zakara.

Hikmat aka ya ja baya.

"Kai yaro, me ke cikin jakar nan?"

Kunya ta kama Davron har kunnensa. Ya zuge jakar ya fara fito da wayoyi yana jerawa a kan shimfiɗa. Wata fuskarta ta tsage, wata an ɗaure bayanta da roba, wata ƙarama kamar sabulun wanka.

"Innalillahi! Sata kake yi a jirgi?"

"Adajon!" in ji Muhayyo tana kallon mahaifinta.

"A'a wallahi, amaki. Tsofaffin wayoyin ɗalibaina ne da na 'yan uwansu, aro na yi. Ni da Muhayyo muna gardama a kan manhajar da za ta ɗora shafinta. Ita tana gwadawa a babbar kwamfuta, ni ma haka. Sai na ga ai masu karatun ba irin wannan suke riƙewa ba. Na ce bari in kawo abin da ke hannunsu mu gani da ido."

"Saboda wannan ka kwana a jirgi?"

Davron ya sunkuyar da kai.

"Saboda wannan... da kuma rumman."

Muhayyo ta juya baya da sauri don kada a ga dariyarta. Ta lura gefen gashin bakin mahaifinta ya ɗan motsa.

"To, tunda ka ɗauko kasuwa ka kawo min gida, nuna min. Ke 'yata, miƙo min tabarau."

Ba ta san lokacin da ta zauna a gefen gadon ba. Ta buɗe Soja a wayar nan mai roba. Kafin ƙiftawar ido darasin ya fito.

"Ka gani, amaki?" in ji Davron yana murmushi. "Kamar walƙiya."

Hikmat aka ya matso da wayar kusa da hancinsa, ya nisanta ta, ya sake matsowa.

"Tururuwa nake gani sun yi layi. Ina farko ina ƙarshe?"

Muhayyo ta yi tsalle ta tafa hannu.

"Na gode, Adajon! Yanzu dubi tawa."

Ta buɗe Malama. Shafin ya ɗan yi jinkiri, sannan layukan suka bayyana, wasu kalmomin shuɗaye, wasu kore, wasu ruwan lemo, kowane layi da lambarsa.

"Yawwa, wannan aiki ne na mai hankali. Mu ma a tashar jirgi kowace wayar wuta da launinta, ba don ado ba." Ya sa yatsa. "Wannan koren me yake yi?"

"Magana ce da kwamfuta za ta nuna wa mutum, amaki," in ji Davron, ya matso kusa. "Canza ta ka gani. Rubuta abin da kake so."

Da yatsa ɗaya Hikmat aka ya yi ta dannawa, harshensa a waje. Davron ya nuna masa maɓallin kwafa, ya manna masa a inda ake gwaji. Wayar ta yi ɗan shiru, sannan ta rubuto: Mastura, ina osh ɗina?

Tsohon ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Mastura! Zo ki ga, na'ura ma ta san kin makara da abinci!"

"Ku dai ku ji da shirmenku," in ji Oyijon daga taga, amma ta leƙo sosai.

Suka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A kan 'yar ƙaramar nan mai kama da sabulu, Malama ta tsaya tana juyi ta ƙi buɗewa. Davron ya ɗaga gira yana kallon Muhayyo.

"Kada ka ce komai," ta ce tana hararar sa.

"Ban ce ba. Amma da za ki cire wannan salon rubutun mai lanƙwasa da kika sa a kan take, da hoton saman nan..."

"Salon rubutuna? Shi ne kyan shafin!"

"Shi ne nauyin shafin."

Ta ɗauko kwamfutarta tana ƙunƙuni, ta cire su. Aka sake gwadawa. 'Yar sabulun ta buɗe tsaf, launuka da lambobi duk suna nan, dogon layi ma ana jan sa gefe ba ya karyewa.

Davron ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama. Malama ta ci. Soja ya koma bariki."

"Maimaita, ban ji ba."

"Amaki, ka ga abin da nake fama da shi?"

"Ni ma irin ta nake aure, ɗana," in ji Hikmat aka ƙasa-ƙasa.

Kalmar nan ta ɗana ta sauka a kunnen Muhayyo, ta ji kamar ta tashi sama. Ba ta gama jin daɗinta ba sai ga ƙarar mota a waje, muryar Robiya hola ta riga ta shigowa.

"Ina mutanen gidan? Ga Sarvarjon na kawo muku ya ci osh!"

Ta yi turus a tsakiyar gida. Sarvar yana bayanta da kwalin kek, ƙamshin turarensa ya cika wurin.

"Wannan kuma wane ne? Mai gyaran waya kuka kira?"

"Baƙona ne daga Termiz," in ji Hikmat aka.

Robiya hola ta dafe ƙirji.

"Termiz! Mastura, kina raye aka yi haka? Ba a ba shi ba, ya zo ya baje a gadonku?"

Davron ya miƙe ya gaishe ta da ladabi, ya ba Sarvar hannu. Sarvar ya karɓa yana kallon wayoyin.

"Muhayyo, na ji an ce shafin da na yi miki bai yi miki ba."

Ta miƙe tsaye.

"Sarvar aka, na gode da wahalar da ka yi, wallahi yana da kyau. Amma yana ɓata kod. Ɗalibaina suna kwafa yana ƙin aiki."

"To ki riƙa ɗaukar hoton kod ɗin kina sawa mana. Mutane ai hoto suke so. Kuma wannan duk na ɗan lokaci ne, in kin yi aure ina kika ga lokacin koyar da 'yan ƙauye?"

Muhayyo ta ji hawaye sun taru mata, na haushi wannan karon.

"Akwai yarinya a wani ƙauye da ta kusa barin karatu saboda tana zaton ba ta da ƙwaƙwalwa. Ba na ɗan lokaci ba ne a wurinta. Ni ma a wurina ba na ɗan lokaci ba ne."

Hikmat aka ya miƙa hannu. Ya ɗauki wayar mai tsagaggen gilashi, wadda aka buɗe Amarya a kanta tun ɗazu, ya miƙa wa Sarvar. Fure ɗaya ne ya maƙale a tsakiyar allo, ya kasa sauka.

Sarvar ya kalli furen, ya kalli Muhayyo, ya kalli yadda take tsaye kafaɗarta ta karkata wajen baƙon ba tare da ta sani ba. Sai ya yi 'yar dariya ya shafa ƙeya.

"Gaskiya ni shafukan gidajen biki da shagunan kaya na iya. Maganar da na yi ma ban kyauta ba, ki yi haƙuri." Ya juya ga Robiya hola. "Holajon, kin ce min yarinya tana sona kunya ce take hana ta magana. Wannan da nake gani ba ta da matsalar magana."

"Sarvarjon, tsaya mana..."

"Kek ɗin dai ku ci. In an sa rana ku neme ni, ni zan yi muku shafin gayyata. A nan furannina za su yi amfani."

Har Davron sai da ya yi dariya. Hikmat aka ya riƙo hannun Sarvar ya ce babu inda za shi sai ya ci abinci, ya kuwa zauna.

Oyijon ta fito da babban faranti na osh, dafa-dukar shinkafa da nama da karas, yana tururi. Ta ajiye a tsakiya, ta koma gefe ta tsaya. Muhayyo ta ga ta tura ɓangaren da ya fi nama wajen Davron, ko da gangan ko ba da gangan ba.

Bayan an shafa addu'a Hikmat aka ya gyara murya.

"Mastura, ni dai na ga abin da na gani. Mutumin da zai kwana a zaune a jirgi don 'ya'yan wasu su iya karatu, ba zai hana 'yarki zuwa ganin uwarta ba. Ni na yarda. Saura ke."

Muhayyo ta juyo. Ta rarrafa ta kama gefen rigar mahaifiyarta.

"Oyijon..."

Oyijon ta share ido da bakin ɗankwalinta. Ta dubi Davron kai tsaye, karo na farko tun shigowarsa.

"Kai, gidanku akwai ɗakin baƙi?"

Ya miƙe zumbur har yana ture kofi.

"Akwai, holajon. In babu ma zan gina kafin ki iso."

"Ban ce na yarda ba. Ba na ba da 'yata garin da ban taɓa takawa ba. Zan je in ga gidan, in ga uwarka a kicin ɗinta, in ji zafin garin nan da ake faɗa a jikina. In na dawo sai in faɗi abin da na yanke."

Muhayyo ta rungume ta tana kuka tana dariya lokaci guda. Davron ya rasa inda zai sa kansa, sai godiya yake jerawa hannunsa a ƙirji, wayar nan mai kukan zakara ta sake ɗauka babu wanda ya kula ta.

"Ranar Asabar akwai jirgi," in ji shi. "Yau ɗin nan zan yanka miki tikiti."

Robiya hola, wadda tun ɗazu take cin rumman cikin fushi, ta ajiye ɓawon ta goge hannu a hankali.

"Tikiti biyu za ka yanka, ɗan Termiz."

Kowa ya juyo ya kalle ta.

"Ƙanwata tana da saurin tausayi, kofin shayi ɗaya zai saye ta. Ni kuwa har ƙarƙashin gadonku sai na leƙa."

Murmushin Davron ya daskare. Ya waiwayo ya kalli Muhayyo da idanun neman agaji, ita kuwa ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna girgiza.